Tausa ga 'yan ƙwallo: abin da take yi wa jiki, da lokacin da take ɓarna

"Assalamu alaikum Likita. Ni koci ne, ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17 a wata ƙungiyar unguwa a Zariya. Muna da wani bawan Allah da ke yi wa yaran tausa bayan wasa da man zafi da ruwan ɗumi, kuma yana danna su da ƙarfi har wani ya yi ihu. Ya ce sai an ji zafi sannan mataccen jini da gajiya suke fita. Mako uku da suka wuce an sa wa wani mai tsaron bayanmu gwiwa a cinya. A daren aka yi masa tausa da gashi, washegari ma haka. Yanzu wurin ya yi tauri, ko zaman tahiya ba ya iyawa. Shin tausar nan tana da amfani da gaske, ko in hana gaba ɗaya? In tana da amfani, wace iri ce ta dace, kuma yaushe?"

Wa alaikumus salam, Koci. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka maka ɗawainiyar da kake yi da su.

Tambayarka ta kasu biyu: shin tausa tana yi wa jikin ɗan wasa wani abu na gaske ko daɗi ne kawai, sannan me ya sami cinyar wannan yaro. Kafin mu yi nisa, daga yau kada kowa ya sake taɓa cinyar nan. Ba tausa, ba gashi, ba man zafi, har sai likita ya gan ta, kuma dalilin yana tafe. Game da tausar kanta kuwa, ban ce ka hana ba. Akwai lokutan da za ka hana ta, akwai wuraren da ba a taɓawa, sannan zancen nan na "sai an ji zafi" sai an cire shi daga kan mai tausarku da kan yaran gaba ɗaya. Ni aikina gashin ƙashi ne, wato fisiyo, kuma yawancin waɗanda nake gani 'yan ƙwallo ne da 'yan gudu, jefi-jefi da 'yan dambe, don haka irin cinyar da ka kwatanta ba baƙuwa ba ce a wurina.

Ire-iren tausar da ake yi wa 'yan wasa

Matsa jiki bayan wahala abu ne da kowace al'umma ta sani. Abin da Turai ta ƙara shi ne rarraba motsin hannu kashi-kashi, aikin da ake dangantawa da wani likita ɗan ƙasar Holan, Johann Mezger, a ƙarni na 19. Rabe-raben nasa ne ake koyarwa a makarantun fisiyo har yau.

Na farko shafa ce: tafin hannu a shimfiɗe, ana tafiya da shi a hankali daga ƙasan gaɓa zuwa sama, wato daga idon sawu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa saman cinya. Da ita ake buɗewa, da ita ake rufewa, kuma a nan ne hannu yake gano inda ya yi tauri, inda ya fi ɗumi, da inda yaro ya zabura. Mai tausar da ya tsallake shafa ya faɗa danna, aikin makanta yake yi. Na biyu cuɗa: a kama tsokar tsakanin yatsu da tafin hannu, a ɗago ta, a matsa, a saki, hannu ɗaya na karɓa daga ɗaya. Ita ce uwar aikin a sha-raɓa da cinya da ɗuwawu. Na uku bubbugawa da gefen hannu ko da tafi a dunƙule, da girgiza tsoka, waɗanda aikinsu farkar da jiki ne, shi ya sa wurinsu kafin wasa.

Sauran biyun su ne masu zafi, kuma su aka fi yi ba bisa ƙa'ida ba. Akwai murza, inda ake ɗora kan yatsa a wuri guda ana gurza igiyar tsoka ko jijiyar gaɓa a gicciye, ba tare da yatsan ya zame a kan fata ba. Likitan Ingila James Cyriax ne ya yaɗa ta, kuma tsohon ciwo aka yi ta dominsa, irin na agara ko gefen idon sawu da ya daɗe. Akwai kuma danna ƙulli, wato wurin nan mai tauri a cikin tsoka wanda in an danna shi zafin yakan harba zuwa wani wuri dabam. Janet Travell, wadda ta yi wa shugaban Amurka Kennedy likita, ita ta yi suna a wannan fanni. Dukansu biyu na minti kaɗan ne a wuri ƙarami, ba abin da za a bi ƙafa gaba ɗaya da shi ba.

Me take yi, me ba ta yi

Bari in fara da mataccen jini. A tsokar da ta gaji kawai, babu wani jini da ya mutu ya kwanta yana jiran a kore shi. Masu boko suna da irin nasu zancen, su ce tausa tana fitar da sinadarin laktik asid da ke taruwa lokacin gudu. Shi ma bai tsaya ba. Jiki da kansa yake kwashe wannan sinadari cikin kusan awa ɗaya bayan an tsaya, ya ma mayar da shi makamashi. A 2010 masu bincike a Jami'ar Queen's da ke Kanada suka auna jinin da ke ratsa tsokar hannu bayan an wahalar da ita, suka tarar tausa rage gudun jinin take yi a lokacin da ake yin ta, kuma fitar sinadarin ya ɗan jinkirta. Ba abin mamaki ba ne, ai matse jijiyar jini ake yi. Jan da fata take yi da ɗumin da ake ji na saman fata ne. In kana son jini ya zagaya cikin tsoka bayan wasa, sa yaran su yi tattaki ko sassarfa ta minti 10, wannan ya fi kowane hannu.

Tsamin jikin da ke zuwa washegari, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, ya washe cikin kwana 5 zuwa 7, abu ne dabam. Yana zuwa ne daga ƙananan yagewa a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya, musamman idan tsoka ta yi aiki tana miƙewa, kamar a taka birki bayan gudu, a sauko daga tsalle, ko a juya ba zato. Shi ya sa ya fi kama yara a makon farko bayan hutu. A nan ne tausa take da abin faɗa. A 2012, a Jami'ar McMaster, ita ma a Kanada, an sa samari 11 suka tuƙa keke har suka gaji tiɓis, aka yi wa cinya ɗaya tausar minti 10 aka bar ɗayar, sannan aka ciri ɗan nama daga kowace aka duba. Cinyar da aka tausa ta nuna ƙarancin sinadaran da ke hura kumburi. Laktik asid kuwa daidai yake a duka biyun. Mutum 11 ba yawa ba ne, amma ya nuna cewa abin ba a kai kaɗai yake ba.

Aikin da na fi dogara da shi shi ne na masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2020, waɗanda suka tattara gwaje-gwaje 29 da suka shafi mutum 1,012. Ba su ga shaidar cewa tausa tana ƙara ƙarfi, ko tsalle, ko saurin gudu, ko juriya ba. Abin da suka gani shi ne raguwar tsamin jiki da kusan kashi 13 cikin 100, da ƙaruwar miƙewar gaɓa da kusan kashi 7. Amfani ne na gaske, amma ɗan daidai ne. Kuma binciken tausa yana da wata matsala da ba a iya kauce mata: ba yadda za ka ɓoye wa mutum cewa ana tausa shi, don haka tsammaninsa yana shiga cikin sakamakon. Ni wannan bai dame ni ba. Yaron da ya kwanta jikinsa a sake ya yi barci mai kyau ya amfana, ko ta ina amfanin ya biyo.

To ta yaya take rage zafi? A fahimtata, yawancin aikin da jijiyoyin ji ake yin sa, ba da naman ba. A 1965 Melzack da Wall suka bayyana cewa saƙon taɓawa da na matsi, in ya isa laka, yana iya rage saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Uwar da ɗanta ya buge ta hau murza masa wurin da wannan take aiki. Taɓawa a hankali kuma tana saukar da bugun zuciya, numfashi ya daidaita, tsokar da ta ɗaure ta saki. Amma masu cewa suna "fasa" tauri ko suna warware tantanin da ya lulluɓe tsoka da ƙarfin hannu, lissafi bai goyi bayansu ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2008 ya nuna cewa kafin a lotsa kakkauran tantanin gefen cinya da kashi 1 cikin 100 kacal, sai an ɗora masa nauyin da ya haura kilo 900. Babban yatsan wa zai yi wannan? Sakin da ake ji bayan tausa jiki ne ya yarda ya saki, kuma jikin da ake azabtarwa ba ya yarda.

Ma'aunin ƙarfi

Ga yadda nake yi da sha-raɓar da ta yi tsami. Yaro ya kwanta rub da ciki, in sa matashi ko naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin idon sawunsa don tsokar ta saki. Man kaɗanya ko man zaitun kaɗan ya isa, in ya yi yawa hannu zamewa yake ba ya kama komai. In yi shafa na kamar minti biyu, sannan cuɗa. In na ci karo da ƙulli, sai in ɗora babban yatsa in nutsa a hankali, in tambaye shi: daga 1 zuwa 10, nawa? Ba na wuce 6. In tsaya nan daƙiƙa 30 zuwa 60, yana jan numfashi yana saki, yawanci sai ya ce ya sauko zuwa 3, ni ma in ji wurin ya yi laushi a ƙarƙashin yatsana. Amma ba bakinsa kaɗai nake saurare ba, domin yaro a gaban abokansa ba zai ce ya ji zafi ba. Yatsun ƙafarsa nake kallo. Da sun nannaɗe, ko ya riƙe numfashi, ko ya damƙe gefen benci, na wuce gona da iri, sai in sassauta. Tausar da ta bar shaida a fata, ko ta sa yaro ɗingishi washegari, rauni ce aka ƙara masa.

Akwai wuraren da ba a dannawa ko kaɗan: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, gaban wuya, kan ƙashin baya da kan ƙwauri. A yaranka kuma ka lura da ɗan tudun nan da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, wanda yakan kumbura ya yi ciwo tsakanin shekara 10 zuwa 15. Wurin girman ƙashi ne da tsokar cinya ke ja, murza shi ƙara masa wuta ne. Cinyar ake sassautawa, a rage tsalle-tsalle.

Man zafi irin su Robb da Aboniki da Deep Heat ba sa shiga tsoka su gyara komai. Fata suke ruɗawa da jin sanyi da ɗumi, zafin ciki ya ɗan lafa. Ba laifi a tsamin jiki, amma kada a haɗa su da ruwan zafi ko a ɗaure da bandeji a kai, suna ƙona fata, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun 2012.

Cinyar yaron

Idan gwiwa ta daki cinya, tsokar gaba takan matse a jikin ƙashi, ƙananan jijiyoyin jini su fashe, jini ya taru a ciki. A kwana biyu zuwa uku na farko jiki yana ƙoƙarin toshe waɗannan ɓaraka ne, kuma toshiyar kamar sabon yaɓe take da bai sha iska ba. Gashi yana buɗe jijiyoyin, tausa tana farfasa toshiyar, jinin ya ƙaru. Wani lokaci, maimakon jiki ya shanye jinin da ya taru, sai ya fara gina ƙashi a cikin tsokar. Likitoci na kiran wannan mayosaitis osifikans. A wani bincike kan ɗaliban makarantar soja ta West Point a Amurka, kusan kashi 9 cikin 100 na waɗanda suka sami irin wannan bugu sun kai ga haka. Alamominsa sun yi kama da abin da ka kwatanta: mako biyu zuwa huɗu bayan bugu, maimakon sauƙi sai tauri, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ciwo da safe da dare.

Ban ga yaron ba, don haka ba zan yanke cewa shi ne ba. Zai iya zama jini ne ya daskare bai narke ba, zai iya zama ƙurji a ciki, musamman in akwai zazzaɓi. Ku kai shi babban asibiti ko asibitin ƙashi a yi hoton ƙashi ko sikanin. A mako na uku zuwa na huɗu hoton yakan fara nunawa, sikanin kuma yakan riga shi gani. Ku gaya wa likitan ranar da aka buge shi da abin da aka yi masa, domin hoton wannan ciwo yana iya kama da na wani ƙari, kuma tarihin bugun ne ke taimakawa wajen rarrabewa. Kada ku kai shi wurin mai ɗori a ja ƙafar ko a lanƙwasa ta da ƙarfi, garin gyaran gira a rasa ido. In shi ne, yawanci ba a tiyata. Ƙashin yakan gama ƙosawa cikin wata 3 zuwa 6, sau da yawa ya ragu da kansa, kuma aikinmu a lokacin shi ne motsa gwiwar iya inda ba ta ciwo, sannan a ƙarfafa tsokar sannu a hankali. Iyayensa su sani cewa maganar watanni ake yi, ba makonni ba.

Nan gaba in an sake samun irin wannan bugu, a fitar da yaron daga fili nan take. A lanƙwasa gwiwar sosai, diddige ya nufi ɗuwawu iya yadda zai jure, a naɗe cinya da ƙwauri tare da bandeji mai roba ba tare da an shaƙe ba. Likitocin makarantar sojan ruwa ta Amurka sun riƙa ɗaure gwiwa a lanƙwashe a digiri 120 na awa 24, kuma 'yan wasansu sun koma fili cikin kwana uku da rabi a matsakaici. A sa ƙanƙara ta minti 15 a naɗe cikin tsumma, daskararren fiya wota ma ya wadatar, sai dai ban da mai sikila, domin sanyi yana tayar masa da ciwo. In zafi ya yi yawa a ba shi farasitamol. Washegari ka gwada shi: in gwiwar ta lanƙwasu fiye da digiri 90 bugun mai sauƙi ne, in ba ta kai 45 ba sai asibiti. In cinyar ta kumbura ta yi tamau, zafi yana ta ƙaruwa, ƙafa tana dindiris, wannan ba a kwana da shi.

Dokar kwana uku, wato ba tausa ba gashi a kwana ukun farko, ta shafi kowane sabon rauni: targaɗe, yagewar tsokar bayan cinya, bugu a sha-raɓa. Bayan ita akwai waɗanda ba a tausawa sam. Mai zazzaɓi, mai ƙurji ko ƙazuwa ko buɗaɗɗen ciwo a wurin, da wanda ake zargin ya karye ko ya tsage. Sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi ɗumi ba tare da bugu ba, musamman bayan doguwar tafiya a mota, tana iya zama gudan jini a jijiya, kuma tausa na iya tura shi huhu. Yaron da ya sha horo mai tsanani a rana, tsokokinsa suka kumbura, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ƙodarsa ce ke cikin haɗari, asibiti za a nufa da shi.

Yadda za ka tsara ta

Kafin wasa, minti 5 zuwa 10, da sauri kuma sama-sama: shafa, girgiza, bubbugawa. Kada a yi mai zurfi, kada kuma ta maye gurbin ɗumama jiki. Bayan wasa, a bari yaran su yi tattaki, su sha ruwa, su ci abinci, sannan a yi shafa da cuɗa mai laushi ta minti 10 zuwa 20 ga wanda bai ji rauni ba. Mai zurfin, da murza da danna ƙulli, a tsakiyar mako ake yin ta, aƙalla kwana biyu kafin wasa na gaba. Injin tausa mai bugawa da ya cika kasuwa yanzu dokarsa ɗaya da ta hannu, har ma ya fi buƙatar hattara tunda shi ba ya jin abin da ke ƙarƙashinsa. Tun da yara ne, a riƙa yin tausar a fili a gaban wani babba, da tawul a rufe inda ba a aiki.

In kana neman abin da zai rage maka rauni a ƙungiya, ba tausa ba ce. Shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, mai ɗaukar minti 20 ba tare da wasu kayan aiki na musamman ba, an gwada shi a gasar matasa ta Legas kan 'yan wasa 416 masu shekara 14 zuwa 19, aka buga sakamakon a 2014: rauni ya ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi shi. Ana samun bidiyonsa kyauta a intanet. Ka haɗa da barcin awa 8 zuwa 10, wanda shi ne samari masu waya suka fi gazawa a kai, da abinci mai gina jiki bayan horo, ko da wake ne da ƙwai ko fura da nono.

Shi kuma mai tausarku, ban ga dalilin korarsa ba. Abin da ya yi shi ya gani ana yi, kuma mutumin da ke zuwa fili yana durƙusawa a kan ƙafafun yara ba kullum ake samunsa ba. Ka zauna da shi ku kaɗai, ba a gaban yaran ba, ku yi yarjejeniya cewa duk wanda aka buga ko ya yi targaɗe sai ya wuce ta wurinka kafin ya hau benci. Ranar da za ku kai yaron asibiti ku tafi tare da shi, ya ga hoton da idonsa, ku kuma roƙi fisiyon da ke wurin ya nuna masa yadda ake naɗa bandeji da yadda ake gwada lanƙwasuwar gwiwa.